Ranar da Duba-gari Ya Yi wa Hanjinsa Feshi

A layinmu Allah Ya yi mana baiwa da mutum guda wanda ko ƙuda ba ya saukar masa a kafaɗa sai ya nemi izini. Tsohon duba-gari ne. Kai, na yi kuskure, Babban Duba-gari. In ka manta da "babban" nan zai tuna maka tun ba ka rufe baki ba. Shekara talatin da biyu ya yi yana faɗa wa gidajen mutane ba gayyata, yana ɗaga murfin randa, yana leƙa makewayi, yana shinshina kwata kamar mai zaɓen turare. Mu matan layi muka raɗa masa Leƙa-randa, sunan ya bi shi har bayan ritaya. Shi a tsammaninsa kirari ne. Muka bar shi a haka, ai ba kyau a ɓata wa babban mutum rai.

Tsafta kuwa, sai dai a ce masha Allah. In ya gaisa da kai sai ya ɗan juya baya ya goge tafin hannunsa a gefen riga, wai don kada ka ji haushi. In aka miƙo masa jariri ya sa albarka, zai fara tambayar yaushe rabon a yi masa wanka. Yakan ɗaga yatsa sama ya ce, "Ni ƙwayar cuta ta san ni. Da ta ji takun takalmina take tattara 'ya'yanta ta bar unguwa." Mu kuma mu ce, haka ne, ranka ya daɗe. Wa zai ja da mutumin da ƙwayar cuta ke gudu?

Matarsa tela ce, ƙawata tun muna da haƙora cikakku. Shekara arba'in tana taka keke a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa, ba ta da yawan magana, sai dai in ta yi guda ɗaya ka kwana kana juya ta. Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe mata gani. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura. Daga baya ta ɗinka wa wata hannun riga a bai-bai, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, keken ya yi shiru. Likitan ido ya duba ya ce aikin ba wuya, a cire yanar ta koma gani garau. Amma tana da ciwon suga, kuma ya hau sosai, ba zai sa mata wuƙa ba sai ya sauka. Ya ba ta mako shida. In ranar ta zo sugan bai sauka ba, a ba wani gurbinta, ita kuma ta koma ƙarshen layi, layin da ba a ganin wutsiyarsa sai baɗi.

A wannan zuwan ne aka tsira wa Leƙa-randa allura a yatsa, don dai ya rako ta, sai ga shi shi ma sugan ya kama shi. Ya ce na'urar ce ba a goge ta da kyau ba. Aka sake, ta sake faɗin abin da ta faɗa. Aka ba su magani iri ɗaya, farar ƙwaya mai faɗin maɓalli, safe da yamma.

Kwana huɗu da fara sha, cikin Babban Duba-gari ya fara waƙa. Ba ƙaramar waƙa ba, irin wadda ake jiyowa daga tsakar gida. Ga kumburi, ga iska mai neman hanya ba ta duban wanda ke zaune kusa. Ranar komawa asibiti na raka su, don ni ke riƙe wa ƙawata hannu a kan titi, shi maigidan yana gaba taku goma, hannu a baya, yana duba kwatocin mutane kyauta. Muka zauna a benci tare da sauran masu suga, nas tana yi mana bayanin abinci. Da ta ce akwai mai tambaya, sai ya miƙe, ya gyara murya.

"Wani abokina ne, mutum mai daraja ƙwarai, tun da ya fara shan maganin nan naku cikinsa ke ɗan yin motsi. Ya ce in tambayar masa."

Cikin abokin ya zaɓi daidai wannan lokacin ya amsa da kansa. Bencin gaba ɗaya ya sunkuyar da kai.

Nas ɗin yarinya ce mai hankali, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ka gaya wa abokin naka ya kwantar da hankalinsa." Sai ta warware mana abin dalla-dalla, har ni da ban taɓa zama a aji ba na gane. Wai a hanjin ɗan Adam akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, sun fi a ƙirga, suna taya ciki sarrafa abinci, suna kuma tare wa miyagu hanya. In maganin suga ya sauka cikinsu sai ya sauya musu zama, wasu iri su ƙaru, wasu su ragu. Masu bincike ma suna ganin wannan sauyin na cikin hanyoyin da maganin ke bi ya saukar da suga. Kukan ciki da iskar da sakin bayan gida, hayaniyar sauyin ce, yawanci takan lafa bayan 'yan makonni. A riƙa shan maganin a tsakiyar cin abinci. In abin ya ƙi lafawa a dawo, akwai yadda za a rage ko a sauya. Kada dai a daina.

Kowa ya gyaɗa kai. Leƙa-randa kuwa yana tsaye kamar an dasa shi.

"Halittun nan, a cikin wa kika ce suke?"

"A cikin kowa, Baba. Har ni, har likita."

"Har duba-gari?"

"Har shi, Baba."

Wani tsoho a bayanmu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da jahili ne irina, da ya ce to, ya je ya sha maganinsa da abinci. Amma wannan mutum ne mai ilimi. Muna isa gida ya tsaya a tsakar gida, ya fuskanci bango kamar mai jawabi ga taron ma'aikata, alhali daga ni sai matarsa sai kaza.

"Shekara talatin da biyu ina yaƙi da ƙwayar cuta. Ban taɓa haɗuwa da ta kirki ba. Yau yarinyar da aka haifa bayan na zama babba za ta ce mini akwai masu amfani? Kuma maganinsu yana ƙara musu yawa? Ashe ba magani suka ba mu ba, taki suka ba mu! 'Yan kama-wuri-zauna sun gina gari a cikina, ba takarda, ba izini, asibiti kuma tana aika musu da abinci safe da yamma. To, ba a gidana ba. Daga yau an haramta wannan ƙwaya a gidan nan. Za a kwashe, za a lalata, sannan a yi feshi."

Allah Ya taimaki ƙawata, maigidanta mai dogon jawabi ne. Tun yana kan shekara ta goma cikin talatin da biyun ta lallaɓa ɗakin ɗinki. Na bi ta. Na tarar tana ɓalle ƙwayoyin daga takardarsu da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, suna faɗawa cikin gwangwanin da take tara fararen maɓallai. Ta girgiza gwangwanin suka gauraye. Na ce, ke da ba kya gani, yaya za ki bambance? Ta kama yatsana ta ɗora a kan ɗaya, sannan a kan wata. Maɓalli yana da huda, magani ba shi da ita. Sai ta bar katin magani biyu cikakku a kan keke, a fili.

Ta ce, "Duba-gari ba ya fita gida hannu wofi. In ba ki ajiye masa abin kamawa ba, sai ya tona har ƙasan gado."

Haka kuwa aka yi. Ya shigo, ya ga katin nan biyu, ya ɗaga su sama kamar ya kamo ɓarawo da hannu cikin tukunya. Ya haɗa da nasa, ya zuba a masai, ya kora da bokiti biyu. Ya wanke hannu sau uku. Ƙawata ta ce, "Sannu da aiki, maigida." Ya ce ba komai, aikinsa ne.

Da yamma ya tafi kemis ɗin bakin titi. Ya ce a ba shi kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya barin ko jika. Mai kemis ya tambaye shi takardar likita, ya ce irin wannan ba a shan sa haka kawai. Sai Babban Duba-gari ya dubi silin ɗin shagon, ya dubi bayan kantar sayar da magani, ya shafa yatsa a kan katako ya duba, ya ce a zamaninsa ya rufe shago uku da suka fi wannan tsafta. Mai kemis ya san mutumin ba shi da sauran iko ko na rufe taga, amma ya san kuma zai iya tsayawa nan har a tashi kasuwa. Ya ba shi kala biyu don ya tafi.

Aka fara feshi. Ya tsara shi kamar yadda suke yi wa unguwa: zagayen safe, zagayen rana, zagayen yamma. Ya rubuta a takarda ya manna a ƙofar ɗaki. Kowane zagaye zai haɗiyi nasa a tsaye, sannan ya miƙa wa matarsa nata. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu, ta ce bari ta ɗan ci wani abu tukuna. Da ya juya baya sai ta cusa kafson a buhun ƙyallaye. Sai ta jawo gwangwaninta ta ɗora a cinya, kamar mai kewar sana'a, tana laluben maɓallai. Ya gan ta sau da yawa. Har ya ce mini, "Dubi baiwar Allah, ido ya tafi amma hannu bai manta ba." Na ce wallahi kuwa, ranka ya daɗe, hannun nan ya san abin da yake nema.

A mako na biyu ya ji cikinta ya yi ɗan ƙugi. Kunnen gwani ne. Ya ce ba a banza ba, akwai mai shigo da kaya ta bayan fage. Ya kai samame ɗakin ɗinki ba sanarwa. Ya ɗaga katifa, ya zazzage aljihun keke, ya kwance ƙullin zare, ya leƙa cikin takalma. Ina zaune ina addu'a a zuci, don in ya gano, mako shidan ƙawata sun tafi, idon kuma sai baɗi in da rai. Ya zo kan gwangwanin. Ya ɗauka, ya girgiza, ya buɗe. Ya kai shi kusa da hanci, ya kai shi nesa, don shi ma idon nasa ya fara gajiya, amma tabarau na tsofaffi ne, ba ya sawa. Ya ga farare, zagayayyu, sun kai ɗari uku.

"Tarkacen mata," in ji shi. Ya rufe, ya miƙa mata da hannunsa.

Ta ce, "Na gode, maigida."

Nasa feshin kuwa ya yi kyau, ba a taɓa ganin irinsa ba. Cikin da a da waƙa kawai yake yi, yanzu ya ɓalle kamar an fasa madatsar ruwa. Tsakanin ɗakinsa da makewayi ya taka hanya har ta yi santsi. Wani zai tsorata. Shi kuwa fitowa yake yana riƙe da bango, fuska ta yi fari, yana cewa, "Gawarwakinsu ne ke fita. Haka feshi yake, sai an kwashe mushe." Da kafson ya ƙare ya koma ya ƙaro, wai zagaye na biyu don 'yan ɓuya.

Ga kuma suga da aka sake shi ba linzami. Ƙishirwa ta kama shi, yana shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga tafiya, ruwan kuma ba ya zama. Wandonsa ya fara zamewa, ya ƙara huda biyu a bel. Ya ce nauyin baƙin haure ne ya sauka, dama su ke cika masa tumbi. Tururuwa ta yi layi a bakin makewayi inda yake fitsari, ya tsaya ya dube ta, ya ce wannan sakacin maƙwabta ne. Jiki magayi, in ji mutane, amma sai mai jikin yana da kunne.

Bai bar abin a gida ba, ai ilimi ba a ɓoye shi. Ya je bencin da tsofaffi ke zama a ƙofar shagon aski don ya wayar musu da kai. Mai askin ne ya ba ni labari, yana share hawayen dariya.

"Jama'a, ku dube ni da kyau. A duk faɗin layin nan, ni kaɗai ne mutumin da cikinsa yake fes. Ku kuna yawo da gari guda na ƙazanta a ƙarƙashin riga. Ni kuwa na yi abin da likitoci suka kasa. Mataki na farko..."

Sai ya ƙanƙame jiki, ya ce yana zuwa. Ya dawo ya kama mataki na farko, ya sake cewa yana zuwa. A zuwa na uku bai dawo ba. Har yau mutanen bencin ba su san mataki na biyu ba.

Ranar gwaji ta zo. Ya sa rigarsa mafi kyau, wadda yanzu take rataye a jikinsa kamar a jikin ƙusa. Ya ce zai je ya kunyata asibiti da hujja. A hanya ba ya gaba taku goma, yana baya, yana neman inuwa. Nas ta tsira wa ƙawata allura, aka ɗebi jini kuma aka kai ɗakin gwaji. Muka jira. Ƙawata ta riƙe hannuna. Da takarda ta fito nas ta duba ta ce, "Mama, barka. Ya sauka yadda ake so. Jibi za a yi miki aiki."

Kafin ƙawata ta ce alhamdu lillahi, maigidan ya miƙe.

"To, kun gani! Ku rubuta. Mako biyar matar nan ba ta sa ƙwayarku a baki ba. Ni na hana. Tsarina ta bi, ga sakamako. Ina so a kira likita, a kira na sama da shi, in yi musu bayani, don a daina kiwon ƙwari a cikin bayin Allah."

Nas ta dubi ƙawata. Ƙawata ta buɗe jaka ta fito da gwangwanin, ta lalubo ɗaya marar huda, ta ɗora a tafin nas.

"Ban tsallake ko sau ɗaya ba, 'yata. Cikin ma ya daina kuka tun mako na uku, kamar yadda kika ce."

Ban taɓa ganin bakin mutum ya buɗe ya manta hanyar rufuwa ba sai ran nan. Nas ba ta ba shi lokaci ba, ta dubi idonsa da suka faɗa, da leɓɓansa da suka bushe, ta ce, "Baba, kawo yatsa." Wanzami ba ya son jarfa. Ya ce shi rakiya ya zo. Ta riga ta kama hannun. Na'urar ta nuna abin da ya sa ta kira likita da gudu, wannan karon kuwa ba wanda ya ce ba a goge ta ba.

Aka ba shi gado, aka rataya masa ruwa. Aka miƙa masa 'yar kwalba aka ce ya kawo abin da ke fita a duba. Mutumin da ya shekara talatin da biyu yana leƙa na mutane, ga shi yau an sa nasa a kwalba an rubuta sunansa a jiki. Likita ya zo ya tsaya a kansa, ya ce kafson da ya sha ya share masu gadin hanjin, miyagu suka samu fili, suga kuma ya yi abin da ya ga dama. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido. Yanzu za a yi maganin miyagun, a saukar da sugan, daga baya a mayar da shi kan farar ƙwayar kaɗan-kaɗan. In cikin ya natsu ya riƙa cin wake da ganye da madara mai tsami, don masu amfanin su dawo su hayayyafa.

Da 'yar muryar da ta rage masa ya ce, "Wato ni zan gayyato su?"

"Lallashinsu za ka yi, Baba. Ka kore su da wulaƙanci, ba za su dawo da sauri ba."

Aka yi wa ƙawata aiki yana kwance a ɗaya ɓangaren. Washegari aka cire bandeji. Abin da ta fara gani fuskata ce, ta ce, "Ke, ashe haka kika tsufa?" Muka yi dariya har muka yi kuka. Ta kwana biyar a gidan 'yarta, ranar da aka sallamo shi ita ma ta dawo.

Mun tarar da shi a falo, zaune a kujerarsa, maƙwabta biyu sun zo sannu. Ƙarfi ya fara dawowa, don har ya fara jawabi. Yana gaya musu cewa dama gwaji ya shirya, ya raba gidan kashi biyu, ita ta sha, shi ya bari, don a gano gaskiya. Ya sadaukar da jikinsa saboda al'umma. Likitoci ma sun ƙaru da shi ƙwarai.

Ƙawata ba ta ji ko ɗaya ba. Tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon falonta, wanda rabonta da ganinsa shekara biyu. Ta dubi yanar gizo-gizo da ta sauko daga silin har ta kama labule. Ta dubi kashin ɓera a bayan kujera, jere kamar an shuka. Ta dubi bangon da maiƙo ya yi wa zane, da kyankyaso guda da ke tafe a kan tebur a natse, kamar mai gidan. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Maƙwabtan suka bi idonta da kallo, jawabi ya mutu a tsakiya.

Ta ce, "Maigida, likita ya ce wata guda kada in sunkuya, kada ƙura ta taɓa idon nan. Ga shi kuwa gidan na neman gwani."

Babban Duba-gari ya miƙe. Ya gyara wuyan riga, ya sa hannu a baya, ya zagaya falon sau ɗaya yana duban kusurwoyi da idon sana'a. Ya fita tsakar gida. Muka ji ya buɗe wata ƙofa, ya rufe, ya buɗe wata. Can sai ga shi ya dawo, ya matso kusa da ita, ya rage murya don kada baƙi su ji, amma duk mun ji.

"A ina ake ajiye tsintsiya a gidan nan?"